Kayan Ƙawata Shafinka na GitHub: Wanne Zai Taimake Ka, Wanne Zai Ba Ka Kunya?

Idan ka taɓa cike fom ɗin neman aikin gina manhaja, ko na shiga wani shirin horaswa a intanet, da wuya ka kai ƙarshensa ba ka ci karo da ɗan gurbin nan da ke neman adireshin shafinka na GitHub ba. A nan matasa da yawa ke cijewa. Wani ya buɗe asusun tun bara bai sake leƙawa ba, babu hoto, babu bayani, sai rumbu guda mai suna "test". Wani kuma ya bi bidiyon YouTube ya cika shafinsa da baji arba'in, da kofuna, da maciji mai yawo, amma rabin hotunan sun daina buɗewa tun watanni, shi kuwa bai ma sani ba.

Su biyun duk sun yi asarar dama. Wanda zai duba takardunka ba shi da lokacin zama yana bincike, musamman idan masu nema sun yi yawa. Zai buɗe shafin, ya kalli sama, ya taɓa aiki ɗaya ko biyu, ya yanke hukunci. A yau za mu dubi kayan da ake amfani da su wajen gyara wannan shafi, yadda kowanne ke aiki a bayan fage, da abin da ya sa wasu ke mutuwa ba sanarwa. Kusan duk abin da za mu ambata kana iya yin sa da wayar da ke hannunka.

Wane shafi ake nufi?

GitHub dandali ne da masu gina manhaja ke ajiye kod ɗinsu, su kuma yi aiki tare a kai. An buɗe shi a 2008, a kan tsarin Git da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 don kula da kod ɗin Linux. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, kuma a farkon 2023 masu asusu a dandalin sun haura miliyan 100. Rahoton shekara-shekara da kamfanin ke fitarwa, mai suna Octoverse, ya nuna a 2023 cewa Najeriya ce kan gaba a Afirka, da masu asusu sama da dubu 800. Wato dai ba kai kaɗai ne a layin ba.

Kowane aiki a GitHub yana zama ne a cikin rumbunsa, abin da 'yan harkar ke kira "rifo". A da, shafin mutum bai wuce hoto, ɗan bayani na haruffa 160, jerin rumbuna, da jadawalin nan mai ƙananan akwatuna kore ba. A watan Yulin 2020 aka ƙaro wani abu: idan ka buɗe rumbu mai suna daidai da sunan asusunka, ka bar shi a buɗe ga kowa, ka sa fayil mai suna README.md a ciki, to duk abin da ka rubuta a fayil ɗin zai fito a saman shafinka. Duk kayan adon da za mu tattauna a kan wannan fayil guda suke aiki.

Yadda za ka buɗe shi da waya

Shiga github.com ta burauzar wayarka. Idan maɓallan sun ɓuya, kunna yanayin kwamfuta a saitin burauzar. Zaɓi buɗe sabon rumbu, ka rubuta sunan asusunka harafi da harafi. Da zarar sunan ya yi daidai, GitHub zai nuna maka ɗan saƙo cewa wannan rumbu na musamman ne. Zaɓi Public, ka kunna zaɓin ƙara fayil ɗin README, sannan ka kammala. Daga nan duk lokacin da kake son gyara, ka buɗe fayil ɗin ka taɓa alamar fensir.

Abubuwa uku ke hana shi fitowa: sunan rumbun bai yi daidai da na asusun ba, ko rumbun a rufe yake, ko fayil ɗin babu komai a ciki. Idan wata rana ka sauya sunan asusunka, sai ka sauya na rumbun shi ma.

Ka kuma yi tunani kan sunan tun farko. GitHub ba ya karɓar ƙ, ɗ ko ɓ a sunan asusu, sai haruffan Turanci, lambobi da ɗan layin tsakiya. Amma a cikin README da gurbin cikakken suna kana iya rubuta sunanka da lanƙwasarsa yadda iyayenka suka raɗa maka. Laƙabin da kake amfani da shi a TikTok bai dace da nan ba, domin wannan adireshin zai hau kan takardar neman aikinka.

Rubutu mai tsawo a burauzar waya yana da wahala, ga kuma sabis da kan ɗauke a tsakiyar aiki. Ya fi sauƙi ka rubuta a manhajar Markor ko Acode a Android, ka ga yadda zai fito, sannan ka kwafa ka liƙa.

Markdown: abin da za ka koya cikin rabin awa

Haruffan md da ke ƙarshen sunan fayil ɗin suna nufin Markdown, wata sassauƙar hanyar tsara rubutu da John Gruber ya fitar a 2004. Alamar # a farkon layi tana mayar da shi kanu. Taurari biyu a gaba da bayan kalma suna kauraranta ta. Ɗan layi a farkon jimla yana yin jeri. Linki kuwa, sai ka sa kalmar da za a gani a cikin baka mai kusurwa, adireshin ya biyo baya a cikin baka mai lanƙwasa. Hoto ma haka yake, sai dai ana fara shi da alamar motsin rai. Wannan ya ishe ka gina shafi mai tsafta ba tare da wani kayan aiki ba.

Akwai iyaka guda da ya kamata ka sani, domin ita ce ta haifar da duk sauran kayan. GitHub yana tace abin da ka rubuta kafin ya nuna shi. Yana barin wasu alamomin HTML kamar na hoto, na tebur, da na ɓoye bayani sai an taɓa, amma yana cire JavaScript da CSS gaba ɗaya saboda tsaro. Don haka duk wani abu mai motsi ko mai sauya lamba da ka gani a shafin wani, hoto ne kawai, galibi nau'in SVG ko GIF. Ko dai hoton yana ajiye a rumbunsa, ko kuma wata uwar garke a wani wuri ce ke zana shi duk lokacin da aka nema. Ka riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Masu haɗa maka shafi daga fom

Rukunin farko su ne shafukan da za ka cike fom, su miƙo maka Markdown a shirye. Wanda ya fi shahara shi ne GitHub Profile README Generator na Rahul Jain. Kana rubuta abin da kake aiki a kai, abin da kake koyo, ka zaɓi harsunan kod da ka iya daga jerin tambura, ka sa adireshin shafukanka na sada zumunta, sai ka kwafi sakamakon. GPRM da ProfileMe.dev ma haka suke aiki, da ɗan bambancin salo. Shi kuwa readme.so an yi shi ne musamman don README na ayyuka: kana zaɓar sassa kamar yadda ake girka manhajar da yadda ake amfani da ita, ka jera su yadda kake so.

Amfaninsu a fili yake. Kyauta ne, suna aiki a waya, kuma cikin minti goma ka samu abin nunawa. Matsalar ita ce dubban mutane sun cike fom iri ɗaya. Wanda ya saba duba shafukan masu neman aiki ya ga gaisuwar nan mai ɗaga hannu da jimlar "mai kishin gina manhaja daga ƙasa kaza" har ya gaji. Wasu ma suna mantawa su goge layukan samfurin da ba su cike ba, sai ka ga shafi na cewa a tambaye shi game da wani abu, amma gurbin babu komai.

Ka ɗauki abin da suka ba ka a matsayin kwarangwal. Goge duk layin da ba ka da abin faɗa a kai, ka sake rubuta gabatarwar da bakinka. Jimla uku sun isa: abin da kake ginawa, da wane harshe, da irin aikin da kake nema. "Ina gina manhajojin Android da Kotlin, yanzu ina aiki kan manhajar lissafin bashi ga masu shago" ta fi kowace gaisuwa mai ado amfani. Yawancin masu ɗaukar aiki daga nesa da Turanci suke karatu, a wasu wurare kuma Faransanci, don haka ka rubuta da harshen wanda kake so ya kira ka. Idan ayyukanka na masu jin Hausa ne, ƙara sakin layi guda da Hausa ba laifi ba ne, ƙarin bayani ne kan abin da ka iya.

Baji da tambura

Ƙananan bajojin nan masu launi da ake jerawa, yawancinsu daga Shields.io suke fitowa. Kana haɗa adireshi ne kawai, ka sa rubutun da kake so da launi da sunan tambari, shafin ya zana maka. Tamburan kansu daga tarin Simple Icons yake ɗauko su. Idan tambura zalla kake so ba rubutu, akwai skillicons.dev da Devicon.

Ka lura cewa baji iri biyu ne. Akwai wanda ke karanto bayani na gaskiya daga wani wuri, kamar wanda ke nuna ko gwajin kod ɗinka ya yi nasara, ko lasisin aikin, ko sabon zubin da ka fitar. Irin wannan a README na aiki yake da amfani. Akwai kuma wanda kai ka rubuta abin da ke jikinsa. Bajin Python a shafinka bai tabbatar da komai ba, domin wanda bai taɓa rubuta layi guda ba ma zai iya sa shi.

Shi ya sa jera tambura talatin ke jawo zargi. Duk abin da ka sa a shafin, ka ba mai yi maka tambayoyi izinin ya tambaye ka a kai. Idan ka sa Docker don ka kalli bidiyo guda, ranar ganawa za ka yi zufa. Ka tsaya kan biyar ko shida waɗanda akwai aiki a rumbunanka da ke nuna ka yi amfani da su. Abin da kake kan koyo kuma ka rubuta shi a matsayin abin da kake koyo, babu kunya a ciki.

Katunan ƙididdiga, da dalilin mutuwarsu

Mafi shahara a nan shi ne github-readme-stats na Anurag Hazra. Layi guda za ka liƙa, sai kati ya fito da yawan taurarin da ayyukanka suka samu, yawan gyare-gyaren da ka adana, da maki daga C zuwa S. Yana da wani katin da ke nuna harsunan da ka fi amfani da su. Akwai github-readme-streak-stats na Jonah Lawrence mai ƙirga kwanakin da ka jera kana aiki, da github-profile-trophy mai jera kofuna, da capsule-render mai zana igiyar ruwa a saman shafi.

Ga yadda suke aiki. Idan wani ya buɗe shafinka, GitHub ba ya barin wayarsa ta ɗauko hoton kai tsaye. Wata uwar garkensa mai suna Camo ce ke zuwa ta karɓo, don kada mai hoton ya ga bayanan masu ziyara. Uwar garken da ke zana katin kuma sai ta tambayi GitHub bayananka, ta zana, ta miƙa. Ana ajiye kwafin na wani lokaci, shi ya sa lambobin kan makara da sa'o'i.

A wannan sarƙa akwai wurare biyu da ke tsinkewa. Na farko, GitHub ya ƙayyade tambayoyin da mabuɗi guda zai iya yi a awa ɗaya, kusan dubu biyar. Dubban shafuka na dogaro da uwar garke guda ta kyauta, don haka idan aka yi cunkoso sai katinka ya koma saƙon kuskure. Masu github-readme-stats da kansu suna ba da shawarar mutum ya girka nasa kwafin a Vercel. Na biyu, masu sa kai ne ke riƙe da waɗannan kayan, a kan masaukin kyauta da ka iya ƙarewa. A ranar 28 ga Nuwamban 2022 kamfanin Heroku ya rufe tsarinsa na kyauta, ƙananan kayan ado da yawa da ke zaune a can suka koma wani adireshi ko suka mutu. Wanda bai sabunta linkinsa ba, sai ɗan akwatin hoto da ya karye ya rage masa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ko da katin na aiki, ka san abin da yake aunawa. Katin harsuna girman fayiloli yake lissafawa. Idan ka taɓa loda wani samfurin shafin intanet mai nauyi, ko littafin Jupyter cike da sakamako, zai iya nuna cewa kai ɗan HTML ne alhali Python kake rubutawa kullum. Masu kayan sun rubuta ƙarara cewa katin ba ya auna ƙwarewa, kuma sun ba da hanyar ɓoye harshe ko cire rumbu daga lissafin. Katin maki kuwa, ga sabon shiga, abin da zai fara nunawa shi ne tauraro sifili da makin C. Babu dalilin da zai sa ka kafa wannan a ƙofar gidanka.

Ma'aunin masu ziyara ma haka. Saboda komai ta Camo yake bi, ba ya iya bambance mutum da mutum. Sau nawa aka ɗauko hoton yake ƙirgawa, har da naka shiga da fita.

Kayan da ke zama a rumbunka

Akwai hanyar da ta fi ɗorewa, wato GitHub Actions. Wannan tsari ne da ke gudanar da ɗan aiki a kwamfutocin GitHub a lokacin da ka tsara, kuma kyauta ne ga rumbunan da ke buɗe. Maimakon a zana hoton duk lokacin da aka buɗe shafinka, sai a zana shi sau ɗaya a rana a ajiye a rumbunka. Ko kayan ya daina aiki, hoton jiya na nan.

Da wannan hanya macijin nan na Platane/snk ke cinye akwatunan kore. Haka lowlighter/metrics ke zana cikakken rahoto kan asusunka. Wanda ya fi amfani ga mai neman aiki shi ne blog-post-workflow na Gautam Krishna R, wanda ke ɗauko kanun sababbin rubuce-rubucenka daga Hashnode, Dev.to, Medium ko tashar YouTube ya jera a shafin. Idan kana rubuta abin da kake koyo, wannan na nuna yadda kake tunani, abin da tambari ba zai nuna ba. Masu amfani da WakaTime kuma suna iya nuna sa'o'in da suka yi a kowane harshe cikin mako.

Abu biyu za ka kiyaye. Agogon Actions da lokacin UTC yake aiki, wanda ke bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Sannan idan rumbu buɗaɗɗe ya yi kwana 60 babu wani motsi, GitHub na dakatar da ayyukan da aka tsara masa, sai ka shiga ka sake kunnawa.

Akwatunan kore

Jadawalin kore na nuna ayyukanka na shekara guda, kuma shi ne ya fi tayar wa sababbin shiga hankali. Wasu suna aiki sosai amma jadawalin fari fat. Dalilin da ya fi yawa shi ne imel: gyaran da ka tura daga kwamfuta ko daga Termux ba zai hau lissafinka ba sai adireshin imel da ka saita a Git yana cikin waɗanda ke haɗe da asusunka. Haka kuma sai gyaran ya shiga babban reshen rumbun. Abin da ka yi a kwafin rumbun wani ba ya ƙirguwa sai an karɓe shi a rumbun asali. Idan yawancin aikinka a rumbunan sirri yake, akwai saitin da ke nuna yawansa ba tare da bayyana abin da ke ciki ba.

Kada koren ya zame maka jaraba. Git yana barin mutum ya sa kowace rana ya ga dama a kan gyara, har akwai kayan wasa irin gitfiti da ake zana hotuna da su a jadawalin. Duk wanda ya daɗe a harkar ya san da haka, kuma taɓawa ɗaya ta isa ya ga cewa gyare-gyaren kwana ɗari duk ƙara ɗigo ne a fayil guda. GitHub da kansa ya cire ma'aunin jera kwanaki daga shafukan mutane a 2016. A Oktoban 2020 ma an ga inda neman lamba ke kaiwa, lokacin da masu son rigar kyauta ta Hacktoberfest suka cika ayyukan jama'a da gyare-gyaren banza, har masu shirya bikin suka sauya ƙa'ida a tsakiyarsa. Ga wanda ke fama da wutar lantarki da tsadar data, kwana uku babu kore ba abin damuwa ba ne.

Inda ado ke zama haɗari

Wasu kayan, musamman idan za ka girka naka kwafin, suna neman mabuɗin sirri na asusunka. Kada ka taɓa liƙa wannan mabuɗi a README ko a wani fayil na rumbun. Wurinsa shi ne sashen Secrets a saitin rumbu, ko saitin masaukin da ka girka kayan. Ka ba shi mafi ƙarancin izini, ka sa masa ranar ƙarewa. Idan ka yi kuskure ya fita, goge layin bai wadatar ba, domin Git yana riƙe da tarihin komai. Ka soke mabuɗin nan take ka yi sabo.

Duk wani Action na wani da ka sa, kod ɗin baƙo ne ke gudana a rumbunka. A Maris na 2025 an yi wa wani sananne mai suna tj-actions/changed-files kutse, ya riƙa fallasa sirrin rumbunan da ke amfani da shi. Kada ka girka abin da ba ka buƙata don kawai ya yi kyau.

Ka kuma kula da abin da kake bayyanawa. Lambar waya, adireshin gida da ranar haihuwa ba su da gurbi a shafin da duniya ke gani. Ka ware imel na aiki daban, ka kunna saitin ɓoye imel don GitHub ya ba ka adireshin noreply da zai riƙa hawa kan gyare-gyarenka. Ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wadda GitHub ya fara wajabta wa masu tura kod tun Maris na 2023, ka adana lambobin ceto a wani wuri da ba wayar ba, don ranar da aka sace ta ko ta faɗa ruwa.

Shafi mai kyau yana jawo masu ɗaukar aiki, yana kuma jawo na bogi. A 2023 masu binciken tsaro na Unit 42 a kamfanin Palo Alto Networks sun bayyana wata damfara da ake yi wa masu gina manhaja: a yi maka tayin aiki, a ce ka sauke wani rumbu ka kunna a matsayin jarrabawa, ashe manhajar sata ce a ciki. Idan baƙo ya turo maka kod yana gaggauta ka, ka dakata.

Abin da mai dubawa ke nema

A ƙasan README akwai wurin da GitHub ya ba ka ka kafe rumbuna har shida. Nan ne idon mai dubawa ke sauka, kuma nan ya kamata mafi yawan lokacinka ya tafi. Ba dole ka cike shidan ba. Uku masu aiki sun fi shida da aka kwafo daga darasi.

Kowane aikin da ka kafe ya samu bayani na layi guda, da README nasa mai amsa tambayoyi huɗu: me yake yi, wa aka yi wa, yaya ake kunna shi, kuma me ya rage. Ka sa hoton allo ɗaya ko biyu. Idan shafin intanet ne, ka ɗora shi a GitHub Pages, wanda kyauta ne, don mutum ya taɓa ya gani da idonsa, tunda gani ya kori ji. Manhajar lissafi da jerin ayyukan yini kowa ya yi su. Abin da ya warware matsalar da ka sani, kamar rajistar ɗaliban Islamiyya ko lissafin adashi, shi ke tsayawa a ran mai dubawa, kuma shi za ka iya karewa idan an tambaye ka.

Gudummawa ga ayyukan wasu ma tana fitowa a shafinka, kuma tana da nauyi domin wani ne ya duba ya karɓa. Shirin Outreachy, mai biyan dala 7,000 na horon wata uku daga gida, yana da lokacin da masu nema ke ba da gudummawa kafin a zaɓe su. Ƙungiyoyi da yawa a Google Summer of Code ma suna duba abin da ka riga ka yi musu. A nan jin Hausa jari ne. Ƙungiyar Masakhane mai aiki kan harsunan Afirka da ƙungiyar HausaNLP suna ajiye ayyukansu a GitHub, ciki har da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa, Ibo, Yarbanci da Pidgin da aka fitar a 2022. Manhajoji buɗaɗɗu da dama kuma suna neman masu fassara. Ka karanta ƙa'idojin gudummawa na kowane aiki kafin ka tura komai.

Idan a GitLab kake, tsarin kusan ɗaya ne: aiki buɗaɗɗe mai sunan asusunka da README a ciki. A Codeberg kuma sunan rumbun .profile ne. Markdown ɗinka zai yi aiki a duka, amma katunan ƙididdigar da muka ambata na GitHub ne kaɗai.

Kafin ka tura adireshin

Buɗe shafin a burauzar da ba ka shiga asusunka ba, don ka ga abin da baƙo zai gani. Gwada shi da datar waya, ka ga ko hotuna masu motsi sun sa shi nauyi. Duba shi a farin fage da baƙin fage, domin tambari baƙi yana ɓacewa a yanayin duhu. Ka tabbata tebura da katunan da ka jera gefe da gefe ba su fita daga allon waya ba. Taɓa kowane linki ɗaya bayan ɗaya. Sa wa kowane hoto ɗan bayani na rubutu, saboda masu amfani da manhajar karanta allo, da kuma ranar da hoton ya ƙi buɗewa.

Daga nan ka ba wani abokinka wayar na rabin minti, ka karɓe, ka tambaye shi me kake ginawa kuma wane aiki kake nema. Idan ya amsa daidai, shafin ya yi. Idan maciji kawai ya tuna, ka koma ka rage kaya. Sannan ka sa wa kanka tuni a kalandar waya, duk farkon wata ka leƙa shafin sau ɗaya ka ga ko akwai abin da ya karye.